Amshin da Na Hana Kaka

Ni ba mai haƙuri ba ce, kuma Kaka ta riga kowa sani. Muna yara a Zugu, in an idar da sallar isha'i sai ta jawo tabarmarta gindin murhu tun garwashin tuwo bai mutu ba, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta gama tauna goronta. Ni kuwa in yi ta zungurar gwiwarta.

"Ke dai bakwaini anka haihe ki," in ji ta.

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar da aka aika ɗebo wuta gidan wata tsohuwa. Tsohuwar na cikin gaya mata yadda ake riƙe garwashi ya kai gida, yarinyar ta figi kasko ta fice. A rabin hanya wutar ta mutu, ta dawo, ta sake figa. Kowace dawowa da waƙarta. Kaka ta rera, "Wuta, wa ya kashe ki?" Sai ta yi shiru, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, har mu amsa, "Mai sauri, mai sauri." Ni ake kallo a wurin nan, ana dariya.

Da 'yan bindiga suka tashe mu, jikoki suka watse. Mu da Kaka muka sauka Gummi, ɗaki ɗaya. Bara ta kwanta ciwo, na ga alamar ba tashi za ta yi ba, na aro laftof ɗin yayana in ɗauki muryarta. Manhajar ɗaukar murya da ke ciki ba wuya. Ka danna jan maɓalli, layi ya riƙa tsalle in ana magana. Sai dai komai kwashewa take: kukan akuya, tarin Inna, har hucin fankar laftof ɗin kanta. Sau biyu ina gogewa. Yayana ya nuna mini wani tsari, in akwai sauti ta ɗauka, in an yi shiru ta tsaya. Na kunna shi. Na kori yaran maƙwabta, na ja ƙofa.

"To wa za ni yi ma tatsuniyar?" in ji Kaka. "Wanga akwati?"

"Kaka, caji zai ƙare. Ki yi kawai."

Ta yi. Da ta zo waƙar ta rera, ta dube ni tana jira. Na ɗora yatsa a baki, na nuna mata layin. Murya mai tsabta nake so, ba tawa a ciki. Sau huɗu tana rerawa tana jira, sau huɗu ina hana ta amshi.

Ba ta ga ƙarshen damina ba.

Sai bayan sadakar bakwai na saurara. Manhajar ta cinye duk shirun. Kaka ta tambayi wuta wa ya kashe ta, nan take ta wuce gaba, ko numfashi babu. Matar da ba ta taɓa gaggawa ba, ga ta tana gudu kamar ana korarta. In na buɗe baki in amsa, ta riga ta yi nisa.

A da ina ɗauka tsiya ce kawai take yi mini da tatsuniyar. Yanzu na ga ita kaɗai ba ta iya gama ta, rabinta a bakinmu yake. Yayana ya ce ana iya saka shirun da hannu, ka rubuta daƙiƙa nawa kake so. Na buɗe wurin ya fi sau goma. Ban san iya tsawon da ta jira ni ba. A lokacin layin nake kallo.