Kankanar da Maikano Ya Hana Kowa Irinta

Ai shi ya sa nake ce maka kar ka yi saurin jin tausayin Maikano don ka gan shi yashe a tabarma, baki a karkace. Tsaya ka ji ko waye tukuna.

Manomin kankana ne a Indabo, amma ba irin ta kamfani da ake jibgewa a bakin titin Wudil ba. Tasa doguwa ce kamar matashin kai, cikinta ruwan ɗorawa, ga zaƙi har maƙogwaro. Sai ta daɗe a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba. Wajen kakarsa ya gaji irin, yana ajiye shi cikin toka a gora, kuma duk yankin shi kaɗai ke da shi. Haka yake so.

Bai taɓa sayar da guda sukutum ba. Yankawa yake, ya tsince 'ya'yan da tsinke kafin ya miƙa maka. Amininsa Tasi'u ya roƙe shi ko ƙwaya kaɗan, ya ce, "Jira in mutu, ka nema a rabon gado." Ɗansa Jamil ma bai tsira ba. Huɗa tasa, ban ruwa nasa, amma ranar zaɓen ta iri sai uban ya kore shi daga gonar. "Kai da bakinka kamar rariya? Gobe har mutanen garin Ɗankaza duk sun iya."

Ana nan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya ƙi. Jamil ya koma shuka ta kamfani abinsa. Damina biyu gorar na rataye, Maikano na kwance yana kallonta yana gurnani, su kuwa sai su ɗura masa koko. Afra matar Jamil ce ta gane so yake a shuka irin. Ba don Allah ta yi ba, don ya bar kunnenta ya huta ne ta zazzage gorar a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Irin ya tsufa, duk ya mutu sai ƙwaya ɗaya. Ta fito, ta yi yaɗo, ta ɗaura 'ya ɗaya tak. Iyakar abin da ya rage a duniya ke nan.

Ka ga tsoho da jan gindi! Kullum sai ya ja jiki ya tare a gefenta, yana jifan kaji da takalmi da hannunsa mai lafiyar. Shi ya san tasa ba ta gaggawa. Ta iri kuwa ba a taɓa ta sai yaɗon ya bushe ƙurmus, sannan 'ya'yan ke yin baƙi su ƙosa. Wa ya taɓa gaya wa? Babu.

Ranar da surukan Jamil suka zo daga Sabon Gari, ya ga ba abin fita kunya a gidan. Ya je ya ƙwanƙwasa kankanar tsohon yadda yake wa ta kamfani, ya ce, "Ta yi." Maikano ya cafke masa ƙafar wando yana ihu, miyau na zuba.

"Ku ji Baba," in ji Jamil, yana dariya. "Rowar ce har yanzu. Tsoho, saki, ai za a sammaka."

Aka yanka. Ciki fari fat, 'ya'yan laushi kamar farcen jariri. Surukin ya ɗanɗana ya tofar. "Wannan ce ake ta cika baki a kanta? Ai gara guna." Afra ta kwashe ta watsa wa awaki.

Jamil ya tura wa uban yanki ɗaya a baki don ya yi shiru. Maikano bai haɗiye ba. Yana ta juya shi da mataccen harshen nan, yana laluben ko ƙwaya ɗaya mai tauri. Bai samu ba.

To kai da ka zo da tausayinka, faɗa min, wa ya kashe kankanar nan, mai wuƙar ko mai gorar?