Gwaten Accar da Ya Cire Mana Takunkumi

Ko zan manta komai na zamana a Doha, wata Juma'a da muka yi a unguwar Mu'aither lokacin gasar kofin duniya ba za ta fita raina ba. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin.

Ni nas ce, 'yar Filato. Ni na samo wa ƙanena aiki a wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya wuri. Ranar da zai taho, mamarmu ta kira ni ta ce ga amana nan ta ba ni. Amanar kuwa giya take sha, sha ba na wasa ba. A gida in mutum ya bugu, abokai su kwaso shi su ajiye a ƙofa, shi ke nan. A nan kuwa in aka kama ka a buge, aiki ya tafi, sai jirgi. Ga mama da hawan jini. Don haka na zama mai gadin asirinsa. Da korona ta shigo ma sai ta yi mini rana: duk safiyar da ya kasa tashi, in kira ogansa in ce tari da zazzaɓi. Wa zai musa wa nas? Yaron nan ya yi korona a bakina har na daina ƙirgawa.

A cikin kullen korona ne wata ɗaliba 'yar Zariya ta sa sanarwa a zaurenmu na 'yan Arewa a waya, cewa duk wadda shan wani nata yake hana ta barci, akwai taron hira kowane mako. Ita mahaifinta ne mai shan, can gida. Ƙa'idojin ba su da yawa: ba a faɗin suna, ba a buɗe kyamara, ba a yi wa kowa wa'azi, abin da aka ji kuma a bar shi nan. Na shiga da tsoro, ina magana da hankici a baki don kada a gane muryata. Masu jin Hausa nawa ne a Doha da za a ɓoye wa juna?

Mu biyar muka ɗore. Akwai wata da kullum raɗa take yi, don mijinta yana ɗaki na kusa. Ita ce ta ba mu labarin yadda take juye kwalabensa a bandaki ta cika su da baƙin shayi, shi kuma ya ɗanɗana ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Mun yi dariya har da tari, sannan muka ji tana kuka a hankali. Na so matar nan ƙwarai. A wurinta na fara jin cewa ba ni na sa masa kwalba a hannu ba, kuma ba ni zan ƙwace ta ba. Na ji, amma ban daina kiran oga ba.

A duk garin mutum ɗaya nake tsoron ta sani: shugabar matan cocinmu. 'Yar garinmu ce, ƙawar mama, matar dattijon coci, murya kamar lasifika. Labari ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take ya isa Jos. In na hango ta a coci sai in canja ƙofa.

Da gasar ta zo, gari ya buɗe, jama'a sun cika jirgin ƙasa da tutoci da ganguna, kowa ya yar da takunkumi. Ɗalibar ta ce mun gaji da waya, mu haɗu a ɗakinta da ke Mu'aither. Muka yi ta ja da baya, har aka yi yarjejeniya cewa kowa ta zo da takunkuminta, ba mai cirewa. Ni na ƙara da baƙin tabarau da ƙaton gyale na aro. A tashar Mushairib mutane na ta kallona, ni kuwa ina jin kaina mai wayo.

Sai dai akwai abin da ba wadda ta yi tunaninsa. Wace 'yar Arewa ce za ta je ɗakin mutum hannu rabbana? Na ɗebi accar da nake tattali tun zuwana hutu, na yi gwate da yakuwa da yalo, na cika kula. Da na shiga na ajiye tawa, sai ga kuloli biyar jere a kan tabarma, ga mu mata biyar a rufe ruf kamar masu shirin fashi. Muka gaisa da kai, sai ɗaya da ta raɗa gaisuwa, na gane mai raɗar nan ce. Ɗalibar ta zuzzuba abinci don karamci, ta miƙa wa kowa. Muka riƙe cokula muna kallon juna. Ta ina za a ci? A mayar wa mutum abincinsa kuma ai cin fuska ne.

Mai raɗar ce ta sunkuya ta shinshina kular da na kawo. Ta ɗago ta dube ni, ta manta da raɗa gaba ɗaya.

"Haba 'yata," in ji ta da cikakkiyar muryarta, "wa bai san gwatenki ba a Doha? Cire tabaran nan mu ci abinci."

Muryar da nake canja ƙofa dominta ce. Ta ja takunkuminta ƙasa, ga shugabar mata, ido ya yi ja. A raina na ce shi ke nan, yau mama za ta ji. Sai kuma na tuna baƙin shayin nan, na tuna dattijon coci yana cewa kaya jabu ne, dariya ta ƙwace mini. Ita ma ta fashe. Takunkumai suka yi ta faɗuwa, ashe duk mun san juna. Har da wata da muke aiki sashe ɗaya, na sha karɓar aiki daga hannunta.

Muna tsakiyar ci wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. Yana da aiki da yamma a filin wasa na Al Thumama, ya je kallo jiya ya sha, yanzu ya farka kansa na sarawa. Ya ce don Allah Yaya, in kira oga kamar yadda na saba. Na dubi matan. Shugabar mata dai ta ajiye cokalinta ta riƙe mini hannu.

"Ina son ka," na ce masa, "amma na gama yi maka ƙarya. Tashi ka yi wanka ka je, ka faɗa masa da bakinka."

Ya kashe wayar. Na tabbata na kore shi daga ƙasar da hannuna. Ɗalibar ta turo mini masar da ta soya gabana ta ce, "Yalla, maza ci."

Ya je a makare, ya sha faɗa, aka ja masa kunne na ƙarshe. Ya daɗe ba ya ɗaukar wayata. Bayan an gama gasar ya zo da kansa ya zauna a bakin kujera, ya tambaye ni ko akwai irin taronmu na masu shan su kansu. Akwai, kuma yana zuwa. Ba zan ce ya warke sarai ba, ya faɗi ya tashi, amma aikinsa na nan. Mama kuwa ba ta taɓa jin komai daga Doha ba, sai da shi ya gaya mata. Matar da na ɗauka ba ta iya riƙe magana ta riƙe tawa, kamar yadda ta yi shekaru tana riƙe tata.

Abin da na koya shi ne, rufin asirin da nake yi masa bai taimake shi ba, ni kuma yana cinye ni. Amana ba ta ce in yi ƙarya ba. Kuma wadda kike ɓuya dominta, wataƙila ita ma ɓuyar take yi. Har yanzu muna haɗuwa duk Juma'a bayan coci da masallaci, don a nan ran Juma'a ake zuwa coci, fuska a buɗe, gwate kuma ni ce mai kawowa.