Gwaza a Miyar Shuwaka

Sailuba ta riga ta ɗaga murfin tukunyar kafin mai tukunyar ta gama amsa sallama. Ta sunkuya, tururi ya lulluɓe mata fuska, ta lumshe ido ta ja numfashi.

"Yejide, me kika ƙara yau? Jiya ba haka ta yi ƙamshi ba."

"Haba Iya, ki bari ta nuna mana!"

"Ai ba ci zan yi ba. Tambaya nake yi."

Haka take yi kullum bayan la'asar, daga wannan murhu zuwa wancan. Gidan haya ne a Hashimi, ɗakuna bakwai sun kewaye tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da duwatsun murhunta. Sailuba ce matar mai gidan, ni kuma ɗakina yana kallon nata. Garin ma a lokacin Abuja muke ce masa, tun kafin a ɗauki sunan a kai wa sabon birni mu zama Suleja.

Sailuba ta haura hamsin, gajeriya ce mai saurin tafiya, ba ta taɓa wuce Minna ba. Amma tukunyarta ta yi yawon da ƙafarta ba ta yi ba. A wurin Yejide, Bayerabiya mai sayar da atamfa, ta koyi kaɗa miyar lalo da 'yar tsintsiya. Matan Gwari masu shigowa da doya a kafaɗa daga gindin dutsen Zuma, sai ta tsare su da ruwan sha ta tambaye su abin da suka ci jiya. Ita kuma ta koya wa duk mai so dambu da miyar taushe. Da yamma ƙananan kwanuka ke zagaya gidan, kowace mace ta ɗanɗana na 'yar'uwarta, a yanke shawarar abin da za a ɗora gobe.

Wadda ta fi shaƙuwa da ita Nwamaka ce, matar Sebastine kafinta. A Kafanchan aka haifi Nwamaka, Hausa a bakinta kamar tamu. Ita da danginta sun gudu gabas lokacin tashin hankali, bayan yaƙin basasa ta dawo arewa da miji, uwarta kuwa can aka binne ta. Ta nuna wa Sailuba agushi, ta nuna mata yadda suke farfesun doya. Miya ɗaya ce ba ta taɓa ɗorawa ba, ta shuwaka. Sailuba ta tambaya ya fi sau goma. Kullum amsar ɗaya ce: "Wannan ta uwata ce, Iya. Wata rana."

Da daminar shekarar saba'in da huɗu Nwamaka ta haifi 'ya mace, 'yar ƙarama kamar kurciya. A al'adarsu uwar mai jego ce ke zuwa ta zauna da ita, ta yi mata wanka, ta dafa mata. Babu wadda ta zo. Sailuba ta ɗaura ɗamara. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta yi farfesun ƙafar saniya da kimba da citta. Nwamaka takan kurɓi cokali biyu, ta ce an gode, ta juya fuskarta bango.

A kwana na tara kukan jaririyar ya canja. Ya zama siriri, yana yankewa. Unguwar zoma ta duba uwar, ta fito tsakar gida ta faɗa mana a hankali: nono yana ƙafewa. In mai jegon nan ba ta ci abinci ba, yarinyar ba ta da jikin da za ta jira.

Washegari da hantsi Sailuba ta tsare Sebastine a zaure, yana goge katako.

"Ɗan nan, miyar shuwakar nan taku, me ake sa mata?"

Ya ajiye katakon ya sosa ƙeya. "Ganye, Mama. Manja. Busasshen kifi. Nama."

"Shi ke nan?"

"Da gwaza."

"Gwaza? A miya?"

"Dole akwai gwaza. Wannan na tabbata."

"To yaya ake sa ta?"

"Mama, ni ci nake yi."

"Allah ya shirye ku, maza," in ji ta, ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwa.

Shuwaka ba baƙuwarmu ba ce. Mu ma muna ba mai jego, amma don ɗacinta muke ba ta, ɗacin shi ne maganin. Saboda haka Sailuba ta ɗauraye ganyen sau ɗaya, a hankali, kada amfanin ya bi ruwa. Gwaza kuwa a wurinmu abar dafawa ce a ci da gishiri da yaji. Ta zauna ta juya ta a hannu ta daɗe tana kallo, kamar gwazar za ta yi mata bayani. Daga bisani ta fere ta, ta yanka gutsure-gutsure irin na faten doya, ta zuba a tukunya, yatsunta na ƙaiƙayi.

Ƙamshin dai ya yi daɗi. Yejide ta leƙo ta lasa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya.

"Iya, wannan miya ce ko hukunci?"

"Ke tafi can. Ba domin ke aka yi ba."

Na riƙe mata kwanon sakwara muka shiga tare. Nwamaka tana kwance yadda muka saba ganinta, jaririyar a bayanta. Sailuba ta buɗe miyar. Muka ga kafaɗar Nwamaka ta motsa. Ta juyo a hankali, ta dubi kwanon, ta sa cokali ta tsamo wani farin gutsure yana ɗigar manja.

"Iya, mene ne wannan?"

"Gwaza."

"Wa ya ce miki haka ake yi?"

"Mijinki ya ce akwai gwaza."

Ta kai romon bakinta, nan take ta tofar a hannu. Sai ta tashi zaune, abin da ba mu ga ta yi don kanta ba tun ranar haihuwa.

"Sau nawa kika wanke ganyen?"

"Sau ɗaya. In na wanke ɗacin, me ya rage?"

"Miyar ce ta rage! Wayyo Iya, kin kashe ganye, kin kashe kifi. Da uwata ta ga wannan..."

Hawaye suka zubo mata. Indararo na ta ɗiga a waje. Ni na zaci Sailuba za ta rarrashe ta, ta ce a yi haƙuri, Allah ya ji ƙan mamaciya. Ita kuwa matsowa ta yi, ido a buɗe.

"Ita sau nawa take wankewa?"

Nwamaka ta share fuska da gefen zane. "Ba ta ƙirgawa. Tana murzawa har kumfa ya daina fitowa kore."

"Da ruwan zafi ko na sanyi?"

"Na sanyi. In tana sauri ta tafasa shi tukuna."

"Gwazar fa, ina take shiga in ba a ganinta?"

"Narkewa take yi, Iya. Ita ke ɗaure miyar. Da ɓawonta ake dafa ta, a ɓare, a daka... Akwai saura?"

"Akwai."

"Kawo mini kujera bakin ƙofa. Ba za ki iya da baki ba."

Aka ajiye mata 'yar kujera, ta lulluɓa da zane biyu ta zauna tana ba da umarni. Sailuba ta durƙusa gaban kwarya tana murza ganye kamar mai wanki, tana zubar da koren ruwa, tana tambaya. Me ya sa da ɓawo? Wa ya fara tunanin daka gwaza? In babu ita, doya za ta yi? Aka daka gwazar a turmi har ta yi danƙo tana bin taɓarya, aka jefa ta curi-curi, muka tsaya muna kallo tana ɓacewa cikin romo. Irin daddawarsu babu a gidan, aka sa tamu. Nwamaka ta yamutsa fuska, ta ce a ba ta ta ji gishiri. Ta ji. Ta ce a ƙara, ta sake ji. A karo na uku ba cokali ta miƙo ba, kwano ta nema.

Kafin rana ta faɗi an mayar da ita ɗaki da sabuwar sakwara. Sailuba ta zauna gefen gado da jaririyar a cinya, tana bin kowace loma da ido daga kwano zuwa baki. Na ga leɓenta na motsi, akwai wata tambayar a kai. Sai Nwamaka ta dakata da loma a hannu, ta sunkuyar da kai. Mai cin abinci ba ya son ido.

Sailuba ta haɗiye tambayarta. Ta kwantar da jaririyar a jikin uwar, ta gyara mata zane ta yadda bakinta zai sami nono, ta ƙyafce ni da ido na miƙe. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kwanon miyar farko da ke ajiye a ƙasa.

"Ina za ki kai wannan, Iya?" in ji Nwamaka, bakinta cike.

"Wurin wanda ya ba da fatawa. Shi zai cinye abarsa. Ke dai kada in dawo in tarar da saura."

Ta ɗaga labule da gwiwar hannu, ta fita.