Goyon da Saratu ta roƙa

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai Saratu makwancinta. Da damina nake ƙirgawa, domin ranar da aka binne ta gero ya soma fitar da kai, kuma duk shekara in na ga ya soma, sai in ƙara ɗaya. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ƙauye ɗaya aka kai mu aure, cikin gonaki a ƙasar Shanono. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ja kunnen mai rubutun kada ta gyara mini magana.

Mu masu zuwa majami'a gidaje kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke ja da su. A wancan lokacin majami'ar ta ƙasa ce, ba ta ɗaukar manya da yara gaba ɗaya, don haka ranar Lahadi yara gindin ɗorawa suke zama. Saratu ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ni kuwa na ce daka ya ishe ni. Da dattawan ikkilisiya suka raba aiki, ita aka ba littafi, ni aka ba ni tsumagiya. Ba wanda ya ce an yi kuskure. Yaro ko ƙifta ido ya yi ba daidai ba, ina ganinsa.

Doka ɗaya na kafa da kaina. Iyaye mata in za su shiga sujada, sukan ɗaura wa 'yan mata 'yan shekara bakwai ko takwas ƙannensu a baya. Jariri ɗaya ya tsala kuka, sauran su amsa. Sai na ce duk mai goyo ta koma can bakin gonar gyaɗa har ya yi shiru. Can suke tsayawa suna jijjiga, wuya a miƙe, suna tsintar abin da iska ta kai musu.

Wata Lahadi na kori wata yarinya, Ladi, da ƙanenta a baya. Saratu ta tsaya a tsakiyar labari.

"Yaya, ki bar ta ta zo."

"Da wannan kakakin a bayanta? Wa zai ji ki?"

"Ki dai bar ta."

Na ce, "Ke me kika sani a kan goyo?"

Sau huɗu Saratu ta haihu, ba wanda ya kai yaye. Ni na wanke su, ni na naɗe su. Duk da haka bakina ya faɗi wannan a gaban yara. Magana zarar bunu ce. Ta warware mayafinta, ta taka har bakin gona, ta karɓi yaron ta goya, ta riƙo hannun Ladi suka dawo. Ta ci gaba da labarin daga inda ta tsaya, tana kai da komo, yaron ya yi barci.

Daga ranar, shekara ashirin da ɗoriya, ban ƙara ganin ta koyar da baya a sake ba. Wanda ya fi kuka shi take ɗauka. Haka nake ganinta har yau, in na kishingiɗa da azahar ido biyu: littafi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bubbuga ɗuwawun ɗan mutane, inuwar ɗorawa tana yawo a fuskarta, muryarta tana hawa tana sauka tare da tafiyar. Wani lokaci in iska ta kaɗa gero sai in ga kamar ita ce ke ratsowa a hankali, kan jariri yana lilo a ƙeyarta. Sai na murza ido in ga gero ne.

Ban iya ba da haƙuri ba, ba halina ba ne. Abin da na iya shi ne, wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta na ce, "Bayan nan naki ba ya gajiya?"

Ta yi dariya. "Yaya, shekara nawa ina roƙon Allah goyo? Ga shi ya ba ni. Ni ce ban gaya masa na wa ba."

Ni ban yi dariya ba. A zuciyata fushi nake yi da Ubangiji a madadinta, ita kuwa ta riga ta shirya da shi ta bar ni a baya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A gidanmu ƙaramar ce ta hango.

Da ta rasu, dattawa suka zauna. Masu karatu sun tafi birni neman abinci, waɗanda suka rage ba mai son zama da yara. Aka ce a bar makarantar Lahadi tukuna har Allah ya kawo wani. Na san irin wannan tukuna, ciyawa ke fitowa a kanta. Lahadin da ta biyo na ɗauki tsumagiyata na tafi gindin ɗorawa, ban san abin da zan yi ba. Yara sun zo, domin ƙafarsu ta saba. Wata mai goyo ta hango ni kaɗai, ƙanwarta tana tsala ihu, ta juya da kanta ta nufi bakin gona tun ban buɗe baki ba.

Na ce, "Ke! Zo nan. Kawo ta."

Ba a ɗaura goyo da sanda a hannu, dole na ajiye. Da na fara takawa sai na ji labarin da Saratu ta fi so yana fitowa daga bakina, har da wuraren da take tsayawa ta tambaye su. Ashe duk shekarun da nake tsaye ina hararar yara, kunnena yana ta ɗiba ban sani ba. Da wannan na riƙe su shekara tara, ba littafi. In labari ya ƙare in koma farko.

Me Saratu za ta ce da ta leƙo yau? An gina wa yara ɗaki na bulo, da kujerun roba masu launi. Ɗorawar tana nan, awaki ne a gindinta. Waɗanda ta goya sun yi gemu, suna can birni, wasu a Bacirawa, wasu a Rijiyar Zaki, sai Kirsimeti suke zuwa da 'ya'yan da ba su san sunanta ba. Yara suna jin waƙar ibada a waya kafin su iya share hanci. Ina jin wayar ba za ta dame ta ba, za ta karɓa ta jujjuya ta ce a kunna mata. Kujerun ne za ta tsaya tana kallo, domin mai goyo ba ta iya jingina a kansu.

Shekara biyu ke nan bayana ya ƙi, gwiwa ma ta bi shi. Aka kawo Malama Rifkatu, yarinya mai ilimi, mai tsoron Allah, allonta tsaf. A wata na biyu na ji ta tana cewa masu goyo su jira a baranda saboda surutu. Na ji dokata tana fitowa daga bakin wata, har da irin muryar.

Na ce, "Malama, ki bar su su shigo."

"Inna, ba za a ji darasi ba. Kuma ke da bayanki?"

"Cinyata lafiyarta ƙalau. Ki miƙo mini."

"Su uku ne fa, Inna."

"To ni ɗaya ce. Ki yi tunani a kan biyun."

Ban ba ta labarin Saratu ba a ranar. In ta karanta wannan za ta ji.

Ba zan ce na gane abin da ya sa Ubangiji ya karɓi 'ya'yan Saratu huɗun nan ba. Na tsufa ban gane ba, kuma in na je zan tambaya. Abin da idona ya gani shi ne bai bar ta hannu wofi ba, bai kuma bar yaran nan ba ko Lahadi ɗaya, ko da ya zama da jahila mai zafin rai zai yi aikin. Saratu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari ba ya ajiyuwa a rumbu, sai wata ta yarda ta sunkuya a ɗora mata. Shi ya sa nake sa ido.

Lahadin da ta wuce, Malama Rifkatu ta buɗe jakarta za ta ciro littafi, na hango zanin goyo a ninke a ƙasansa. Ba ta fito da shi ba. Masu goyo biyu suna baranda har aka tashi. Ban matsa mata ba. Ni ma sai da na shekara ashirin kafin na sunkuya.