Rigar da Aka Raba Biyu

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da Baba Soja ya cika a kafaɗata ba.

Lokacin ina jan babbar mota a wata masaƙa da ke Bompai, ina kai atamfa kudu. 'Yan fashi sun addabi hanya, sai kamfani ya haɗa ni da wani tsohon soja ya riƙa yi mini rakiya. Baba Soja muke ce masa. Mutum ne da ko goro ɗaya ya samu sai ya ɓara ya miƙo maka.

Wata rana manaja ya dawo daga Turai da rigar kare harsashi, sabuwar ƙira. Ba irin ta ƙarfen nan mai karya kafaɗa ba ce. Wani yadi ne ruwan ɗorawa, an jera shi falle-falle, sakayau kamar rigar sanyi. Ɗaya ce tak, aka ba Baba.

Da tafiya ta taso, sai ga shi da riguna biyu.

"Ungo saka, kada mai ɗakinka ta ce na kai ka mahallaka."

"Baba, ƙarowa suka yi?"

"Kai dai ka cika tambaya kamar alƙali. Tayar da mota!"

Mun wuce Zariya, rana tsaka, muka tarar an gindaya itace a kan titi. Ban tsaya ba, na bi ta gefe. Sai ƙarar bindiga, gilashi ya tarwatse. Baba ya zubo mini, jini na ɓulɓulowa ta tsakiyar rigar. Ina tuƙi ina laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa.

A wajen zaman makoki wani tela daga Fagge ya zo yana kuka. Ashe Baba ne ya kai masa rigar, ya sa shi ya farke ta, ya raba fallayen biyu. Manaja ya dafe kai, ya ce ƙarfinta a haɗuwar fallayen yake, rabi kuwa tsumma ne kawai.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma an raine mu a kan cewa abin da aka raba shi ke da albarka, ranar na gane akwai abin da rabawa ke kashewa. Tun daga nan, duk wanda ya miƙo mini alheri, sai na tambaye shi abin da ya rage wa kansa.