Sa Hannun da Na Tsinta a Kwandon Shara

Ba yunwa ce ta kai ni kurkuku ba, gara in faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji tausayina a banza. A Zongon Kumasi aka haife ni. Mahaifiyata, Memuna, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Cutata ɗaya ce: in na ga abu yana aiki, sai na san dalili. Rediyon gidanmu biyu na wargaza ina ƙarami, ba wanda ya sake magana. Makarantar allo kuwa na gudu tun ban yi nisa ba. Na iya ƙananan surori da ka, amma in aka rubuta Hausa da ajami, sai in tsaya ina kallo kamar an baza tsutsotsi a takarda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na kai shekara ashirin da huɗu ina aiki a wani shagon kwamfuta a Ashanti New Town. Ina buga wa mutane takardu, ina buɗe musu imel, ina tuna musu kalmar sirrin da suka manta. Aikin ya dace da ni, kuma mutane sun yarda da ni.

Wata Talata da hantsi Alhaji Issifu ya shigo. Dattijo ne mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Suame, kuma ya fi shekara ashirin yana shan kokon mahaifiyata. Duk Zongo an san maganarsa ba ta tashi. In ya aika a ba wani kaya a garin Tema ko Tamale, ba a tambaya, ɗaurewa ake yi a miƙa.

Ya ce, "Ɗan Memuna, an ce kai ne malamin wannan akwati. Yaran Tema in sun aiko mini imel, sai in ga hoton sa hannu a ƙasa, fes. Tawa kuwa tsirara take tafiya. Sa mata riga."

Na ba shi farar takarda da biro. Biron ya ƙi, ya girgiza shi, ya yi wani ɗan rubutu a sama yana kallona yana murmushi, sannan ya sake yin wani a ƙasa. Ya nuna na ƙasan ya ce wannan zan ɗauka. Da ajami yake sa hannu, duk a ƙulle. A idona biyun ɗaya ne, na sama ma ya fi kyau.

Na ɗauki hoton da sikana, na yanke gefe-gefen, na goge duhun takardar har ya zama tawada kaɗai. Na shiga saitin imel ɗinsa, wurin da ake rubuta abin da zai riƙa fita a ƙarshen kowace wasiƙa, na rubuta sunansa da na shagonsa, na danna ɗan alamar hoto, na ɗora. Da muka gwada, sa hannun ya cika allon kwamfutar gaba ɗaya.

Ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi ni girma. Rage shi, kada su ce na fara girman kai."

Na rage, na adana, muka sake aikawa, ya fito daidai. Ya yi ta dariya yana cewa "Yoo, yoo, ya yi." Amma Alhaji ba yaro ba ne. Ya sa na goge hoton daga kwamfutar shagon a gabansa, ya yage rabin takardar na ƙasa ya sa a aljihu. Rabin na sama ya dunƙule ya jefa a kwandon shara.

Wallahi lokacin da na tsince shi ba sata ce a raina ba. Tambaya ce ta hana ni sakat: shin mutane Alhaji suke yarda da shi, ko wannan ɗan zanen? In zanen ya je ba tare da Alhaji ba, zai yi aiki?

Na buɗe sabon imel mai kama da nasa, harafi ɗaya ne bambanci. Na miƙe takardar da dutsen guga, na yi mata duk abin da na yi wa waccan. Gwajin farko ma kamar taimako ne. Abokina Fuseini yana neman aiki a wani gareji, na rubuta wa mai garejin cewa Alhaji ya san shi, yaron kirki ne. Washegari aka ɗauke shi. Fuseini ya zo yana cewa, "Chale, abokina, ko tambayata ba su yi ba!" Ni kuwa abin da ya cika ni mamaki ne, ba murna ba. Ashe ba wanda ke karanta sa hannu. Ganinsa kawai ake yi.

Daga nan sai na so in san iyakarsa. Na rubuta wa wani dila mai sayar da kaya a sari a Tema ya ba mai zuwa batir biyu. Ya bayar. Na ce to, in batir ya fita, injin fa? Shi ma ya fita. Na samu wani mutum a unguwar Buokrom mai karɓar kaya ba ya tambayar asalinsu. Tun ina ce wa kaina gwaji nake yi, har na daina faɗa, domin mai gwaji ba ya sayen sabuwar waya da takalma uku. Wata bakwai na yi a haka.

Wanda ya ɗauki nauyin kuwa Alhaji ne. Dilolin suka ce ya aiko a ba da kaya, shi ya ce bai san zancen ba, su kuma suka ce ga sa hannunsa. Magana ta zaga Suame cewa tsufa ya sa Alhaji Issifu ya fara cin amana. Wata safiya ina wanke kofuna a wurin mahaifiyata ya zo ya zauna a benci, ya rame, ko kokon bai taɓa ba.

Ya ce, "Memuna, shekara talatin ba wanda ya taɓa ce mini in rantse. Jiya wanda na koya wa sana'a da hannuna ya miƙo mini Alƙur'ani."

Na ji da kunnena. Na ci gaba da wanke kofunana. Amma a makon nan na sake aika wata wasiƙar, wannan karon zuwa ga wani tsohon ɗan kasuwa a Tamale. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina fiye da komai.

Kwana uku bayan haka 'yan sanda suka zo shago da safe. Tun a mota tsohuwar cutata ta motsa. Na tambayi ɗan sandan da ke gefena yadda aka yi suka gane ni, domin ban taɓa sa sunana ko lambata a ko'ina ba. Ya ce, "Masa," wato maigida, "hoton da ka sa shi ya kawo mu." Bai ƙara ba. A kotu na amsa laifina nan take, don haka ba a tsaya karanta takardu ba. Alhaji yana zaune a baya, kansa a ƙasa. Aka yanke mini shekara huɗu. Da mahaifiyata ta zo ziyara na tambaye ta yadda hoton ya tona ni, sai ta fashe da kuka ta ce kada in sake yi mata wannan tambayar.

Cunkoso da ƙaiƙayi da abincin kurkuku duk na sha, amma tambayar nan ta fi su cin raina. Yaya hoto zai faɗi sunan mutum? Akwai wani dattijo, Malam Seidu, da yake zuwa duk Alhamis yana koya wa fursunoni karatu. Zanen yana kaina tsaf, don na kalle shi ya fi sau ɗari. Na zana masa a bayan kwalin sabulu, na ce ya karanta mini sunan da ke ciki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Yaya sunan mahaifiyarka?"

Na ce, "Memuna."

Ya miƙo mini kwalin ya ce, "Ba zan karanta maka ba. Kai da ka ce kana son sanin yadda komai ke aiki, zauna ka koya."

Na ji haushinsa ƙwarai, amma na zauna. Gardi da gemu ina bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, wasu suna yi mini dariya. Wata biyar na yi kafin in iya warware rubutun Alhaji mai ƙulli. Ranar da na haɗa shi, kalma huɗu ce, kuma babu Issifu a ciki. Abin da ya rubuta yana gwada biro yana kallona shi ne: Allah raya ɗan Memuna.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke mini hukunci.

Da na fito, kafin in je gida sai da na je Suame. Shagon Alhaji ya koma rabin yadda na san shi. Na durƙusa a gabansa. Shi ne ya ba ni sauran labarin. Yaran ofis da suka riƙa karɓar wasiƙuna irina ne, ba su iya ajami ba. Tsohon Tamale kuwa sai da ya sa aka buga masa a takarda, ya sa tabarau ya karanta, ya kira Alhaji a waya ya ce, "Issifu, wane ne ɗan Memuna da kake yi wa addu'a a wurin sa hannu?"

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun kana ciki. Sunana ne bai dawo duka ba, har yau akwai masu kira su tabbatar kafin su ba da kaya. Wannan ba za ka iya gyara mini shi a akwatinka ba." Sannan ya ce, "Addu'ar kuwa ban janye ba. Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."

Yanzu gyaran waya nake yi a Zongo, kuma har yau mutane na zuwa in sa musu hoto a ƙarƙashin imel. Ina yi, in goge a gabansu, in miƙa musu takardarsu duka, har ɓangaren da suka gwada biro.

Ku matasa, musamman ku da hannunku ya iya waya da kwamfuta fiye da na iyayenku, son sani ba laifi ba ne, shi ya koya mini sana'a, shi ya koya mini karatu a kurkuku. Amma in kun ji zuciyarku ta ce "bari in gwada in gani" a kan sunan wani, ku tsaya nan. Dattijon da ya miƙo muku wayarsa bai san abin da kuke dannawa ba, ku ya sani. Ni wata bakwai na yi ina rusa mutum, kuma kowace wasiƙar da na cuce shi da ita, addu'ar da ya yi mini ce a ƙasanta.