Motar Baba a garejin wani

Ɗazu na leƙa garejin Oga Chinedu a Tudun Wada mu gaisa, sai ga tsohuwar motar Babana an buɗe injinta.

Ni ma fa bakanike ne. Tun kafin azumi Baba yake ce min tana ƙara da safe, kamar tsakuwa a gwangwani. Kullum amsata ɗaya: "Zan duba, Baba."

Oga ya ɗago min sarƙar taimin, wadda ke daidaita bugun injin. Ta saki, haƙoran giyar da take hawa sun cinye har sun yi tsini. Saura kaɗan ta tsallake ta kashe injin, kuma da motar nan Baba yake kai Mama asibiti.

Na ce, "Oga, wa ya kawo ta?"

Ya ce, "Baba da kansa. Ya ce kar na gaya maka, wai aiki ya yi maka yawa."

Wallahi na kasa ɗaga ido. Na karɓi sifana, na ce ni zan ɗaura sabuwar.

Na gama, amma ban san da wace fuska zan miƙa wa Baba makulli ba. Ku ne, me za ku ce masa?